Kwallin Ya Gumsu

"Ki dube ni ki faɗa, Zenaba! Ki dube ni ki ce uwata ce ta yi miki!"

Na ajiye wankin da ke hannuna a kan dutse na dube shi. Kunnuwan Kaumi suna nan yadda na san su, hularsa ma zaune daram. Amma tsakiyar fuskar ta lotsa kamar tasar da aka taka, hancin ya karkace gefe, wani ɗan tabo toka-toka ya zauna a kan bakinsa. Duk inda na kai idona sai tabon ya bi ni.

"Ban ce ita ce ba."

"Iyarki ta ce! Duk Mubi ta ji. Jiya a kasuwa wata mata ta janye ɗanta daga gaban Ya, uwata guda, kamar ta ga mayya!"

"Ita kuma Ya Gumsun cewa ta yi iska gare ni. Wannan bai zo kunnenka ba?"

Matan da ke wanki a bakin mayo, wato rafin garinmu, duk sun rage bugun kaya, kowacce ta baza kunne. Ko a jikina, su ji da kyau.

"Zenaba..." ya sassauta murya. "Idonki garau yake, ko ja babu. In auren ne ba kya so, ki gaya mini kawai. Ba sai kin..."

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Kai ma? Har da kai, Kaumi? Fuskar da na fi so a duniya nake gani a murguɗe, kullum sai na yi kuka a kanta, shi ne za ka ce ƙirƙira na yi?"

"Ni ban ce..."

"Ka ce! Tafi abinka. Sai na samo sunan ciwon nan ko a ina yake. Ranar ka zo ka maimaita mini maganar!"

Na kwashe wankina da kumfarsa na ɗora a ka. Ban waiwaya ba, don ba na so ya ga hawayena.

Abin ya faro ne da kaka, shekarar ƙuri'ar farko ta raba gardama a kan bin Najeriya, lokacin da gyaɗa ta fara cika kasuwa. Iyayenmu duka 'yan Barno ne da fatauci ya zaunar a Mubi. Babana, Baba Mamadu, kanwa yake sayarwa, Kaumi kuma yana kawo bandar kifi. Wata Juma'a da hantsi mata suka shigo gidanmu da guɗa, sun kawo kayan sa rana: atamfofi, turaren wuta, humra, madubi mai gindin katako da Kaumi ya zaɓo da kansa, sai tandun kwalli da mahaifiyarsa Ya Gumsu ta niƙa da hannunta.

A ranar ce kuma rana ta yi husufi. Bayan an sauko daga masallaci gari ya dushe, kaji suka nufi akurki, yara suka fito suna bugun gwangwanaye, maza suka koma salla. Kowa ya kalli abin mamaki, ni ma na kalla. Da yamma na yi wanka na zizara sabon kwallina, na yi ta murmushi ni kaɗai.

Da na tashi da safe, bakin ƙofar ɗakinmu ya lanƙwashe.

Na murza ido, na wanke fuska, bai miƙe ba. Na ɗauko hular da nake yi wa Kaumi ɗinki, layin zaren da na jera sambal jiya ya zama tafiyar tsutsa. Ramin allura kuwa ko alamarsa, tabon nan ya zauna a kai.

"Iya, idona!"

Ta buɗe shi da yatsu ta leƙa. "Me kika sa jiya?"

"Kwallin Ya Gumsu..."

Shi ke nan. Iya ta saki salati, ta ƙunshe tandun a tsumma ta rataye can bayan ɗaki, ta ce kar wanda ya taɓa. Dama ta taɓa jin ƙishin-ƙishin cewa Ya Gumsu 'yar ƙanwarta ta so wa Kaumi. Kafin azahar maganar ta tsallake katanga. Kafin mako ta dawo mana da amsarta: ai yarinyar iska ce ta shafe ta, uwarta na neman wanda za ta shafa wa kashin kaji.

Ni kuwa aka mai da ni abin gwaji. Na sha rubutu har cikina ya ƙulle. An lulluɓe ni da bargo an yi mini hayaƙi. Wanzami ya zo ya kafa mini ƙaho a gefen kai, ya zuƙe jini ya nuna wa Iya wai ga cutar nan ta fito. Da ya tafi na dubi bayansa, har shi ma a karkace yake tafiya. Malamin dispensa ya ja fatar idona ƙasa ya ce, "Idon ka lafiya lau, yarinya," ya ba ni man shafawa.

Wannan kalmar ta "lafiya lau" ita ta fi komai ƙona mini rai. Mai gyambo kowa na ganin gyambonsa. Ni nawa ciwon ba mai shaida sai ni.

Ranar da na dawo daga bakin mayo na tarar Baba ya yanke magana. Da an gama jefa ƙuri'a za a mayar musu da kayansu, ba zai haɗa zuri'a da gidan da ake zargi ba.

Roda ce ta same ni a bayan rumbu ina kuka. Maƙwabciyarmu ce, 'yar ƙauyen Kwaja, Hausarta ba ta raba mace da namiji, tare muke sussukar gyaɗa tun muna ƙanana.

"Kai Zenaba, kuka zai gyara ido ne? Yayana Hanatu yana aiki a asibitin mishan, can gaba da Michika. Ya ce likitan wurin yana da wani ƙaramin fitila, yana shiga har cikin ido."

"Har ciki?"

"Har bayan ido ma. Ka tashi mu je."

Washegari na shiga zaure. Baba na zaune da abokansa, ana ta musun ƙuri'a, ko a bi Najeriya yanzu ko a dakata tukuna. Na durƙusa a bakin tabarma, don na riga na rantse.

"Baba, ina so in je asibitin mishan. Da Roda."

Baba ya ɗago kai.

"Budurwa, a motar kasuwa, zuwa gidan mishan? Koma ciki."

"Ba zan koma ba sai ka ji ni, Baba."

"Zenaba!"

"Ku an tambaye ku ƙasar da kuke so. Mu mata ba wanda ya tambaye mu, ban kuma ce komai ba. Ni ba ƙasa nake nema ba, idona nake nema! Za ku raba aurena a kan abin da ba wanda ya san sunansa. Za a bar baiwar Allah da sunan maita har kabarinta. In kwallin ne, a faɗa mini, ni da kaina zan kai musu kayan. In ba shi ba ne fa, Baba? Alhakin wa za mu ɗauka?"

Wani tsoho ya ce, "Kai, 'yar nan da baki take." Baba ya daɗe yana jan carbi, ni kuma ina kallon gemunsa da ya karkace. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Motar Michika da sassafe take tashi. In kin makara ruwanki."

Ban makara ba. Da muka hau bayan motar, wa zan gani zaune a kan buhun masara in ba Kaumi ba? Na harari Roda, ta ɗauke kai tana kallon duwatsu kamar yau ta fara ganinsu.

"Me ya kawo ka?"

"Kin ce in zo in maimaita maganar. Na zo in ji ko maimaitawa zan yi ko haɗiyewa."

"Ya Gumsu ta sani?"

"Za ta sani."

Ban sake kula shi ba har Michika. Amma duk ramin da motar ta faɗa, sai in ga ya kai hannu ya tare buhun da ke shirin faɗo mini.

Da muka ƙarasa asibitin, Hanatu ta karɓe mu da fara'a, farar riga fes. Ta ɗiga mini wani magani da ya sa komai ya yi hazo, ta zaunar da ni jira, sannan ta shigar da ni ɗaki mai rufaffun tagogi. Na ce a bar Kaumi ya shigo, ina so ya ji da kunnensa. Likitan wani dogon Bature ne mai sanƙo. Ya matso da 'yar fitilarsa har ina jin numfashinsa, ya leƙa na dama ya daɗe, ya leƙa na hagu, ya koma na dama. Sai ya yi magana, Hanatu ta juya mini da Hausa.

"Ya ce ya gani."

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. "Ya gani? Akwai abu?"

"Akwai. Ƙaramin ƙuna ne, can tsakiyar bayan ido. Na dama ya fi."

Sai hawaye. Ban taɓa tsammanin zan yi murna da a ce ina da ciwo ba, amma wallahi murna na yi. Na juya wajen Kaumi, ya sunkuyar da kai.

"Kwalli ne ya ƙona?" na tambaya.

Likitan ya girgiza kai tun kafin Hanatu ta gama. Ta ce kwalli a waje yake tsayawa, ba ya isa wurin. Sannan ta ce, "Yana tambaya, ranar da rana ya yi husufi, kin kalle shi?"

"Kowa ma ya kalla."

"Da me kin kalla?"

Nan na tsaya. A tsakar gidanmu Iya ta ajiye ƙwarya cike da ruwa, yadda aka saba, don manya sun hana ɗaga kai a dubi rana kai tsaye. A cikin ruwan ake kallonta. To yara sun yi yawa, suna ta ture-ture, ruwan na ta rawa, ban ga komai ba. Sai na shige ɗaki na ɗauko sabon madubina, na zaga bayan rumbu na juya wa rana baya. A tunanina abin da ke cikin madubi ai ba ranar ba ce, hotonta ne, kamar na cikin ruwa. Na ƙura mata ido, da na hagu ya gaji na kanne shi na ci gaba da na dama. Idona na ta ruwa, na ƙi ɗaukewa, don ina cikin addu'a. Roƙon Allah nake ya bar ni da wanda ya ba ni madubin.

Da na gama faɗa, Hanatu ta dafa kafaɗata. Ta ce madubi ba ya rage zafin rana, yadda ya karɓa haka yake mayarwa, ko ruwan ma ba abin yarda ba ne. Ta ce ba ni ce ta farko ba, tun bayan husufin mutane ke zuwa musu da irin wannan.

"Zan makance?"

"Ya ce a'a. Ba ya yaɗuwa, ba a gado kuma. Magani babu, sai haƙuri. Zai iya raguwa cikin watanni. Amma wataƙila ɗan tabo zai zauna."

"Har abada?"

"Wataƙila."

Da muka fito, Kaumi ya zauna a gindin wata bishiyar mangwaro ya rufe fuska da hularsa. Kafaɗunsa na rawa.

"Ni na saya miki shi, Zenaba. Na zaga kasuwa ina neman wanda ya fi haske..."

"Kai ka saya, ni na kalla. Kar ka ƙwace mini wautata, tawa ce."

"Kuma na ce ƙarya kike."

"Wannan kam naka ne."

"Ki yafe ni, hasken raina. Na haɗiye maganar, wallahi har da ƙasar da ta faɗa a kai."

"Ka ji abin da ya ce dai. Wataƙila har mu tsufa hancinka a karkace zan riƙa gani."

Ya share ido yana dariya. "Ke kaɗai za ki gan shi haka, ke kaɗai kuma nake so ki gan shi."

A ɗakin Hanatu muka kwana ni da Roda, shi kuma a tasha. Da muka iso Mubi da la'asar, tun daga bakin layi nake jiyo hayaniya. Ashe da Ya Gumsu ta ji ɗanta ya bi ni, ta ce ba sai an kawo mata kaya ba, da ƙafarta za ta zo ta ɗauka. Na tarar da tsakar gidanmu cike da mata, kayan sa rana a zube kan tabarma, Iya a gefe guda tana huci, Ya Gumsu a tsaye ta ɗaure ƙugu da mayafi.

"Ga ta nan," in ji Ya Gumsu. "An gama yawon da ɗana?"

Na wuce bayan ɗaki na ciro ƙunshin tsumman nan, na dawo tsakiyarsu na kwance shi.

"Zenaba, ajiye!" Iya ta yi ihu. "Kina hauka ne? Ajiye na ce!"

Na ɗauki madubin daga cikin kayan, na tsoma tsinke a tandu, na zizara kwallin a idon dama, na zizara a na hagu. Wata ta ce innalillahi. Iya ta kawo hannu, na kauce.

"Iya, likita ya leƙa har bayan idona ya ga ƙuna. Ba kwalli ba ne. Rana ce, ranar husufi, a cikin madubin nan na kalle ta da gangancina. Kwallin Ya Gumsu bai yi mini komai ba sai kyau. Mun zalunce ta, Iya."

Sannan na juya. "Ke kuma Ya, ba iska gare ni ba, ba ƙarya nake ba. Ɗanki na tsaye aka faɗa. Ba zan ɓoye miki komai ba: ba zan makance ba, 'ya'yana ba za su gada ba, amma wataƙila idon ba zai koma daidai ba. Ɗinkin hula ma ban sani ba ko zan sake. In haka bai yi miki ba, ga kayanki nan, ki ɗauka. Amma ki ɗauka a kan gaskiya. Ni dai ina son ɗanki, kuma ba na jin kunyar faɗa a gaban kowa!"

Matan suka kama baki. Budurwa ta faɗi haka a gaban surukarta! Ni kuwa na ƙi sunkuyawa.

Ya Gumsu ta dubi Kaumi da ke bakin ƙofa. Ya ce, "Haka ne, Ya. Na ji da kunnena."

Ta tako har gabana. Ta daɗe tana kallona, ni kuma ba na iya karanta fuskarta, tabon ya rufe. Sai na ji ta fizge tsinken daga hannuna.

"Kawo nan. Dubi yadda kika ɓata mini kwalli, har kan kunci. Yini guda na yi ina niƙa shi."

Ta kama haɓata, ta goge mini fuska da bakin mayafinta. Ta ce in dubi sama, ta ja mini layi a hankali, ido ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi wa jariri.

"Daga yau ni zan riƙa sa miki," ta ce. "Madubin nan kuma a kife shi."

Iya ta zube a kan tabarma ta fashe da kuka. "Gumsu, ki yafe ni. Tsoro ne, 'yata ce..."

"Kin sa an guje ni a kasuwa, Adiza. Wannan sai na huce tukuna." Ta ja numfashi. "Ni ma na ce wa 'yarki mai iska. Tashi ki mayar da kayan nan ɗaki, ƙura na hawa."

Baba na zaure duk abin nan, bai leƙo ba. Da zan wuce da tulu ya yi gyaran murya ya ce, "Ba ki makara ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

An ɗaura aure bayan ƙuri'a. Lanƙwasar ta ragu da kaɗan-kaɗan, bakin ƙofa ya miƙe, na hagu ya warke sarai. Na dama ya riƙe tabonsa. Hular nan na ƙarasa ta da lalube, layinta ɗaya a karkace, ita Kaumi ya sa ranar ɗaurin aure, ya ce duk mai magana ya zo ya same shi.

A hankali na gano dabara: in na kalli gefen kunnensa, tabon sai ya sauka a can, fuskarsa ta fito mini fes. Haka na saba har yau. Matan unguwa kan ce, "Kai, Zenaba akwai kunya, shekara da shekaru ba ta iya haɗa ido da mijinta." Ya Gumsu takan yi dariya har ta riƙe ciki, don ta san wadda ta tsaya a tsakar gida ta yi shelar so.

Shi kuwa Kaumi, duk sanda ya shigo ya ga na kau da ido gefe, sai ya tsaya cak ya gyara hula.

"Kin gan ni, hasken raina?"

"Na gan ka. Tsaya haka, kar ka motsa."